Baƙar Taliyar Farfesa Gil

Saura 'yan watanni Farfesa Gil Ok-ran ta ajiye aiki, mijinta ya ɓata mata karin kumallo da tambaya ɗaya. Chae Du-man mutum ne da ba ya iya ganin matarsa tana ji da kanta ya ƙyale ta. Ranar kuwa tana ji da kanta sosai, don jami'a ta buga katin gayyatar laccarta ta bankwana, an kira ta a ciki matar da ta koya wa shugabannin kamfanoni sauraro.

"Maman Ye-rim," ya ce yana zare ƙayar kifi, "duk ɗaliban nan da kika yaye, akwai wanda ya taɓa duban idonki ya ce kin yi kuskure?"

"Kullum ma. Ka zo ajina ka sha gardama."

"Wannan ai ke kike sa su. Kin ce a yi gardama, an yi, an samu maki. Ina nufin inda ba ki ba da izini ba. Faɗa mini suna ɗaya."

Ta buɗe baki za ta kira suna, sunan ya ƙi zuwa. Ta ce masa ya ci abincinsa ya tafi shago. Amma maganar ta bi ta har jami'a, ta zauna mata a ƙirji. Rayuwarta kaf ta tafi a kan abu ɗaya: yadda za a yi na ƙasa ya iya faɗa wa na sama abin da ya gani. In har a cikin 'ya'yan da ta raina da hannunta babu ko ɗaya da zai iya yi mata haka, to surutu kawai ta yi ta yi, kuma wannan tunanin ya tsorata ta.

Ba a jami'a ta fara ba. Ta gama sakandaren koyon kasuwanci a nan garin Gunsan, ta samu aiki a wata masana'antar takalman roba da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Aikinta buga tafireta da raba shayi a ɗakin taro, kuma sunanta a wurin "ke yarinya". Mai raba shayi yana jin taro sau biyu, wanda ake yi a ciki da wanda ake yi a baranda. A baranda samarin ofis ba su da birki: wannan ya ce a sauya tafin takalmi, wancan ya ce a rage nauyinsa. Da an shiga ciki manaja ya gyara murya ya ce shi a ganinsa baƙin takalmi ya ishi kowa, amma yana son jin ra'ayinsu, sai ka ga kawuna suna gyaɗawa a jere.

Cikin samarin akwai wani dogo mai manyan kunnuwa da yake ta cika mata kunne cewa ya kamata a yi wa yara takalma ja da rawaya, don yaro ba tsoho ba ne. Ta ce ya faɗa a taro. Ya ce zai faɗa. Ranar taron ta tsaya da butar shayi tana kallonsa, ya ɗaga kai, ya haɗiye miyau, ya ce shi ma yana ganin baƙin ya fi. Bayan wasu shekaru takalma masu launi suka cika kasuwa daga wasu garuruwa, masana'antar ta rufe. Ok-ran ta fita daga wurin da abu biyu: tambayar da ta zame mata sana'a, da kuma dogon mai kunnuwa, wanda ta aura duk da haka. Du-man ya buɗe shagon takalman yara a tsohuwar kasuwa, kuma tun daga lokacin bakinsa ya buɗe, musamman a kanta.

Ta yi digirinta a makarantar dare, da goyon Ye-rim a wasu ranakun. Ta ci gaba har ta yi na uku a Seoul, tana hawa bas ta tafi ta dawo, Du-man yana dafa wa yarinya miyar da har yau Ye-rim ba ta yafe masa ba. Bincikenta bai buƙaci wasu na'urori ba. Kujera take roƙo a kusurwar ɗakin taro, a kamfanonin ƙera kayan mota da na sarrafa kifi da na inshora, ta zauna tana kallon wa ya fara magana, da abin da ya biyo baya. Abin da ta gano, in an cire masa manyan kalmomin mujallu, gajere ne: inda shugaba ya fara faɗin ra'ayinsa, sabuwar dabara ba ta fitowa, inda ya jira ya zama na ƙarshe, sai ka rasa inda mutanen nan suka ɓoye basira haka. Wasu abokan aikinta maza sun ce wannan ai kowa ya sani. Ta ce musu to me ya sa ba wanda yake yi, har su.

Ita kanta uwar surutu ce, wannan ba sirri ba ne. Don haka ta samo wa kanta magani: alawar kirfa, irin mai taurin nan ta tsofaffi. Da ta shiga aji ta jefa tambaya, sai ta jefa alawa a baki, kuma ba za ta ce uffan ba sai ta narke. Da kamfanoni suka fara gayyatarta, ta riƙa raba wa manajoji alawar, da sharaɗin tsotsa ake yi, ba a tauna. Tana yawan ba da labarin wani babban darakta da aka ji ƙarar haƙoransa ƙurus tun mai magana na farko bai kai rabi ba. Ta ce ranar ma'aikatansa suka fara yin dariya a gabansa, kuma daga dariyar aka samu magana. Tana son aikin nan ƙwarai. Takan dawo gida daga irin waɗannan tarurruka tana waƙa a mota.

Sai kuma zancen Laraba. Tun makonta na farko a matsayin malama, ranar Laraba da rana takan kwashi ɗalibanta masu bincike zuwa gidan abincin Sinawa da ke bayan tsohon ofishin kwastan, ta ciyar da su. A wannan makon na farko ita kaɗai ce mace a sashen, farar rigarta ta fita kunya guda ɗaya ce, kuma bayan cin abinci za ta je gaida shugaban jami'a. Ita 'yar Gunsan ce, jar taliya ce abincin ranta, mai romon barkono da jatan lande da kaguwa, wadda take sa mutum gumi har ƙeya. Amma jar taliya ba ta barin farar riga lafiya. Sai ta ce, "Kowa ya zaɓi abin da ransa yake so. Ni dai baƙar taliya." Ɗaliban duka suka ce baƙar taliya.

Ta dube su cikin tausayi ta ce a ranta, yara ke nan, har yanzu suna son abincin ranar bikin gama firamare. Kuma da yake ita masaniya ce, ta yi lissafi irin na masana: in ta koma jar taliya, za su ji dole su bi ta, su bar abin da suke so. Saboda haka ta ci gaba da yin sauri tana kiran baƙar tun kafin su ji kunya, don ta share musu hanya. A duk faɗin ƙasar nan babu ɗan koyon aikin da bai san abin da ake yi ba idan oga ya ce "ni dai baƙar taliya", wato kowa ya bi shi, har barkwanci ake yi da abin a ofisoshi. Farfesa Gil ta san barkwancin, ta ma taɓa sa shi a lacca. Sai dai a wurinta oga wani mutum ne mai ƙaton ciki da taye a wuya, ba ita ba. Haka aka kwashe shekara ashirin da wani abu tana tura miyar baƙin wake mai zaƙi-zaƙi a cikinta saboda ƙaunar ɗalibai, tana bi da yankan radish, wani rawayan kayan lambu mai tsami, don ta wuce.

Bayan tambayar Du-man ta fara ɗana tarko. Wata rana a aji ta jingina wani bincike ga wanda ba shi ya yi ba, da gangan, ta jefa alawa ta jira. Ba wanda ya tanka. Washegari ta buɗe hotunan laccar a kwamfutar sashe ta tarar an gyara sunan shiru, ba a ce mata komai ba. Wannan ladabin ya fi zagi yi mata ciwo. Ta duba fuskokin ɗalibanta na ƙarshe, ba ta ga mai alamar tsaurin ido ba. Wadda ta fi cire rai da ita ita ce Tak Bo-ra, mai karatun digiri na uku, wadda ta yi shekaru a ofishin kwantenoni na tashar jirgi kafin ta dawo karatu. Mace ce da in ta yi sallama sai ka tambayi na kusa ko an yi magana.

Ranar laccar bankwana ta faɗo Laraba, a farkon bazara. Tsofaffin ɗalibai suka zo daga ko'ina da furanni. A gabansu akwai Eom Tae-sik, ɗalibinta na farko, wanda yanzu shi ma farfesa ne mai furfura kuma shugaban tsangaya a Daejeon, amma har yau in ya gan ta sai ya sunkuya kamar zai tsinci allura. Ta sa farar riga sabuwa. Ta yi laccar da daɗi, aka yi dariya inda ya kamata, ta rufe da maganarta ta kullum, cewa babba ya zama na ƙarshen magana. Aka tafa har hannu ya yi zafi. Ita kuwa tana murmushi tana ji a ranta cewa tafi ba shi ne abin da ta zo nema ba.

Daga nan aka ɗunguma gidan abinci. An haɗa tebura a ɗakin sama, Farfesa a can ciki nesa da ƙofa, sauran suka jeru bisa shekarar shigarsu, Bo-ra a bakin ƙofa tana raba tsinkayen cin abinci da kofunan ruwa. Goggo mai gidan, wadda ta tsufa tare da wannan Larabar, ta hawo tana haki ta tsaya da hannu a ƙugu.

"Yau ranar ƙarshe ce," in ji Farfesa. "Kada wanda ya ji nauyi. Kowa ya zaɓi abin da ransa yake so. Ni dai baƙar taliya."

Amsar ta gangaro daga saman tebur zuwa ƙasa, baƙa, baƙa, ni ma baƙa. Goggo ta riga ta juya za ta sauka.

"Goggo," aka ce daga bakin ƙofa, "ni ja za ki kawo mini."

Goggo ta waiwayo tana neman wanda ya yi maganar. Farfesa Eom ya leƙo da kansa ta tsakanin kafaɗu ya zuba wa Bo-ra ido, irin kallon da yaya yake yi wa ƙanwa a gaban baƙi.

"Bo-ra," ya ce a hankali, "yau ranar Farfesa ce."

"Na sani, Yaya." Kunnuwanta sun yi ja. Ta ajiye kofin da ke hannunta, ta miƙe, ta sunkuya, sannan ta ɗago ta dubi Farfesa Gil. "Farfesa, a yi mini afuwa. Ɗazu kika ce babba ya zama na ƙarshe. A aji kina yi. Amma a nan, tun da na zo, ke kike farawa. Shi ya sa kowa yake cin baƙa. Kuskure ne, kuma naki ne."

Farfesa Gil ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi a baya. Bakinta ya cika da amsa: ai don ku nake yi, ai ku kuke so. Har ta ja numfashi. Sai hannunta ya shiga jaka da kansa, ya lalubo alawar kirfa, ta ɓare ta jefa a baki, ta naɗe hannuwa.

Duk wanda yake ɗakin ya san ma'anar wannan. Aka yi ta kallon juna. Wata da take aiki a banki a Busan ce ta fara, tana kallon tebur.

"Gaskiya ni, Farfesa, in mun fito daga nan, mukan zagaya ta baya mu ci wainar barkono a tsaye."

"Mu a zamaninmu," wani ya karɓa, "ranar da aka ɗauke ka, kafin a nuna maka teburinka, sai a ce maka Laraba baƙa ake ci, kada ka kawo mana sabon salo."

"Wa yake faɗa muku haka?" Bo-ra ta tambaya, don yanzu ta riga ta shiga ruwa.

Yatsu suka riƙa nuna na gaba, na gaba yana nuna na gabansa, har nunin ya hau tebur ya tsaya a kan shugaban tsangaya. Farfesa Eom ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ni na ga abincin da Farfesa take so ke nan," ya ce. "Kuma shi ne mai sauƙin kuɗi, ita take biya, albashinta a lokacin bai taka kara ya karya ba. Na ce kada mu yi mata nauyi." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Ni taliya ma ba ta zama mini a ciki. Ƙwannafi take sa ni. Duk Laraba da magani nake zuwa a aljihu."

Wani ya kasa riƙe dariya, ya mayar da ita tari. Farfesa Gil tana zaune, alawa ta ƙi narkewa, idonta ya ciko. Kunya ta kama ta, ta gaske, irin wadda rabonta da ita tun tana riƙe da butar shayi. Amma a ƙarƙashin kunyar wani farin ciki ne yake tasowa, mai ƙarfi, har ta rasa yadda za ta yi da fuskarta. Ta daure, ta daure, sai aka ji ƙurus. Ta tauna.

Nan ɗakin ya fashe da dariya. Wadda ta hana daraktocin ƙasa tauna alawa ta tauna a gaban 'ya'yanta.

"Tae-sik," ta ce tana share ido, "kai da ƙwannafinka, ni da nawa. Ni 'yar garin nan ce, a ina ka taɓa ganin ɗan Gunsan ya bar ja ya ci baƙa da son ransa? Farar riga ce ta sa ni ranar farko. Da na ga kun bi, na ce abin da yaran nan suke so ke nan, kada in raba su da shi."

"Wato ke ma ba kya so, Farfesa?"

"Ko ƙamshinta."

Aka sake kwashewa. Mai aikin bankin nan ta kifa kai a tebur tana dukan kafaɗar na kusa da ita. Farfesa Eom yana ta maimaita "shekara ashirin da wani abu" yana girgiza kai. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Goggo.

"To ni fa?" ta ce. "Tun safe na sa aka cika babbar tukunya da baƙar miya, don na san halinku. Yanzu wa zai ci?"

"Goggo, ki yi haƙuri, ki zuba mana a robobi, kowa ya kai wa 'ya'yansa," in ji Farfesa. "Laifina ne, ni zan ɗauka. Yanzu a sake daga farko. Bo-ra, daga wurinki za a fara, a hauro. Ni ce ta ƙarshe."

Abin da ya biyo baya bai yi kama da Larabar da aka sani ba. Wannan ya ce soyayyiyar shinkafa, wancan ya ce taliya mai farin romo, wata ta ce shinkafa da miyar kayan teku, aka samu mutum biyu da suka ce su fa da gaske baƙar suke so, aka yi musu ihu. Aka kira babban faranti na soyayyen nama mai miyar zaƙi, kuma nan take gardama ta ɓarke tsakanin masu zuba miyar a kai da masu dangwala. Bo-ra, wadda ba a jin sallamarta, ta riƙe hannun shugaban tsangaya ta ce, "Yaya, in ka zuba, ba za a yafe maka ba." Farfesa Gil ta zauna tana kallon wannan hayaniya, ba ta sa baki ba, kuma wannan karon ba da taimakon alawa ba. Da layi ya zo kanta ta ce ja, a ƙara barkono.

Goggo ta miƙo mata ƙyallen ɗaurawa a ƙirji saboda rigar. Ta ce a bar shi. Ta ci tana gumi tana jan hanci, ta ɗaga kwanon ta shanye romon, kuma kafin ta ajiye, gaban farar rigar ya yi ɗigo-ɗigo ja tun daga wuya. A haka aka ɗauki hoton bankwana a ƙofar gidan abincin, ta jawo Bo-ra daga can gefe ta tsayar da ita kusa da ita, inda bisa tsari Farfesa Eom ya kamata ya tsaya. Shi da kansa ya matsa.

Ba ta wuce gida ba. Da la'asar ta biya tsohuwar kasuwa rungume da furanni da robar baƙar miya. Du-man yana durƙushe yana gwada wa wata yarinya takalmi rawaya. Da masu sayayya suka fita ya ɗago, ya dubi matarsa daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan rigar.

"Maman Ye-rim, lacca kika je yi ko yanka? Wa ya yi miki wannan aikin?"

"Tak Bo-ra," ta ce. "Sunan da ka tambaye ni ke nan. Rubuta shi in kana so."

Ya daɗe yana kallonta, kunnuwan nan nasa suna motsi kamar yadda suke yi in zai yi dariya.

"A gaban mutane?"

"A gaban kowa. Muryarta tana rawa, amma ta faɗa."

Du-man ya sunkuyar da kai yana mayar da takalmin rawaya cikin kwalinsa, ya ɗan jima yana gyara takardar ciki fiye da yadda take buƙata. Sannan ya ce ta kawo rigar in sun je gida ya jiƙa mata tun tabon bai kama ba.

"Kada ka kuskura," in ji ta. Ta ajiye masa robar miyar a kan kantar shagon ta ce ita ce abincinsa na dare.